Ke Taga, Wa Ya Ba Ki Miya?

Ranar da muka dawo daga binne surukina, falona na Samaru ya kasa ɗaukar mutane, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin mangwaron tsakar gida. Farkon damina ne, an yi ruwa amma zafi bai sake mu ba. Matan zumuntar coci sun yi waƙa har muryoyinsu sun dushe. Goggo, ƙanwar marigayin, ta zauna a bakin ƙofa tana karɓar gaisuwa tana kuma lura da wanda ya ci da wanda bai ci ba, don ita ko a makoki ba ta sakin ragamar gida.

Ni ina kusurwa da 'ya'yana mata biyu. Kuka ya ƙare mini, sai kallo. Abin da na lura da shi, duk wanda ya shigo ya ce mana yaya haƙuri, kafin ya zauna sai hannunsa ya kai ga tagar falon. Tagar gilashi ce ta alminiyam, irin wadda ake turawa gefe. Mutum ya sa mata yatsa ɗaya, ta tafi sumul, ya dawo da ita, ya girgiza kai. Wata tsohuwar cocinmu ta ce tun da marigayin ya taɓa tata ba ta sake kiran kowa ya buɗe mata ba. Wasu ɗalibai 'yan jami'a suka ce a layinsu kaf babu tagar da bai cire ya mayar ba.

Goggo ta ce, "Har hira yake yi da tagogin. In ya zo gidan nan, sai ka rantse da mutum yake magana."

Mai gilashin Sabon Gari yana zaune kusa da ita, wani Ibo ne da suka daɗe suna aiki tare da marigayin. Ya ajiye kofin ruwansa. "Mama, ba haka ba o. Shekara ashirin ni da Baba muna aiki, ban taɓa ji ya yi magana da windo ba, ko sau ɗaya. Baba yana aiki shiru kamar yana cikin coci."

Aka ɗan yi gardama ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki. Ban sa baki ba, alhali ni kaɗai na san dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so a riƙa tunawa da Baba a matsayin tsohon da yake surutu da gilashi, kuma ina bin kaina bashin faɗin gaskiya a kan yadda na fahimce shi a baibai. Shekara tara na yi a gidan ɗansa, kusan dukansu na yi su ne ina zaton ba ya ƙaunata.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce. A gidanmu mahaifina yana zama da matan 'ya'yansa a tabarma ɗaya, ya tsokane su, su rama, ya ɗauko nama daga kwanonsa ya miƙa musu. Da wannan idon na shigo gidan miji. Ran farko da Baba ya zo daga Sabon Gari a kan kekensa, na fito na durƙusa na gaishe shi da fara'ata. Ya amsa, amma sirdin keke yake kallo. Na kawo ruwa, ya ce an gode, bai ce na gode ba. Na tambaye shi hanya, ya juya ya ba mijina amsa.

Na kai ƙara wajen maigidan. Ya yi dariya ya ce, "Ni kaina tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari, ke kuma matar ɗan fari. Kunya ce."

Na ce kunyar da za ta hana mutum kallon fuskar wanda ya ba shi ruwa, a garinmu wani suna ake kiranta da shi. Da surukata tana raye, wataƙila da ta zaunar da ni ta yi mini bayani, amma ta rasu tun kafin aurenmu. Na yanke hukuncina ni kaɗai: dattijon nan ya so ɗansa ya auro Bahaushiya 'yar'uwarsa, aka kawo masa ni.

Baba da katako ya fara sana'ar taga. Tagar katako mai ƙyaure biyu, sannan aka shiga yayin luba, mai yankan gilashi jere-jere, ya koya. Da alminiyam ya shigo gari, sa'o'insa suka ce sun tsufa da sabon karatu, shi kuwa ya je shagon mai gilashi ya tsuguna yana kallo har ya iya. Ba haɗa sababbi ne ya fi yi ba, gyara ne. Jakarsa ta buhu ce da ya ɗinka da kansa, a ciki akwai sukudireba biyu, filaya, tsohon buroshin haƙori, tsumma, guntun kyandir, da gwangwanin madara cike da 'yan ƙananan tayoyin da gilashi ke gudu a kansu. Shi ya sa mana tagogin gidanmu da hannunsa, kuma kowace Asabar ta farkon wata sai ya zo ya duba su, ko sun lalace ko ba su lalace ba.

Rikicinmu a kan man gyada ya faru. Tagar falo ta fara ciza, in na tura sai ta yi ƙara kamar ana jan kujera. Na ce wannan ai ba sai an jira kowa ba. Na ɗauko kwalbar man girki na tsiyaya a layin da take bi. Kwana uku tana gudu, ina jin kaina injiniya. Zuwa mako na biyu yashi da gashin tsintsiya da matattun ƙwari sun haɗu da man sun zama kamar kwalta. Na sa ƙarfi da hannu biyu, gilashin ya tsallake layinsa ya karkace, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Baba ya zo. Ina kicin, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Sai na ji muryarsa, a hankali.

"Ke taga, wa ya ba ki miya? Tuwo kawai ya rage a kawo maki."

Mijina ya ƙyalƙyale da dariya. Baba bai yi dariya ba, ya ci gaba. "Ke ba ƙarfen niƙa ba ce. Mai ba abincinki ba ne. A share ki, a goge ki, a ɗan shafa maki kyandir, shi ke nan. In kin ƙi tafiya, a tambaye ki dalili tukuna, ba a kama ki da kokawa ba."

Jinina ya hau. Ga ni a tsaye taku huɗu daga inda yake, amma ya gwammace ya yi wa gilashi magana. Na ɗaga murfin tukunya na buga shi da ƙarfi, na ce yadda kowa zai ji, "Ke tukunya, mu a garinmu wanda yake da magana da mutum, mutum yake yi wa."

Na ji Baba ya gama aikinsa, ya wanke hannu, ya yi wa ɗansa sallama. Abincin da na zuba masa bai buɗe ba. Wata biyu bai tako Samaru ba, kuma mijina bai ce mini uffan ba, wanda ya fi faɗa zafi. Har yau in na tuna murfin nan ina jin kunya. A wata na uku sai ga kekensa a gindin mangwaro. Ya shigo, ya tura tagar, ya ce, "Kin huce? To madalla." Ya bar guntun kyandir a kan dakalinta, da sabon buroshi.

Daga nan, ba tare da na yi niyya ba, na zama ɗalibarsa ta bayan ƙofa. Na ji yana gaya wa taga cewa a tsakiya ake riƙe ta, ba a sama ba, don wanda ya ja daga sama karkatar da ita yake yi. Na ji zancen 'yar hudar da ke ƙasan firam, wadda ruwan sama ke fita ta ciki, cewa in ta toshe ruwan ɗaki zai shigo. Na ji cewa in an yi ruwan farko shinge ya tashi, fuka-fukansa ne ke cika layi, kada a bari su kwana biyu. Yakan kara kunnensa ya tura gilashi sau biyu. In ƙarar ta yashi ce ya ɗauko buroshi, in ta taya ce ya ɗauko gwangwani.

Bayan gidanmu akwai ɗakunan da ɗalibai ke haya, su ma shi ke yi musu. Su nasu maganin man shafawa ne, wata ma man kitso ta zuba. Wata rana ina shanya na ji wata tana cewa, "Baba, window ɗin ya yi jam, a canza mana sabo kawai."

Ya ce, "Tagan nan bai lalace ba, ku ne ba ku share shi. Kawo tsintsiya in nuna maki."

Ni malamar firamare ce, Hausa nake koyarwa. Da na ji tagan nan bai lalace ba, sai na yi murmushi a raina, na ce Bazazzagi ke nan, komai namiji ne a bakinsa, mota ya tafi, riga ya yage. Na ja masa jan layi a zuci kamar yadda nake yi wa yara a littafi, na ci gaba da shanyata. Ban tsaya na tambayi kaina ba, me ya sa duk tagogin Zariya maza ne a bakinsa, ta falona kaɗai ce mace.

Mai gilashi ya sha yi masa ƙorafi, wai yana kashe masa kasuwa, don abin da za a cire a sa sabo sai Baba ya tashe shi da kyandir. Amsarsa ɗaya ce kullum, shi ba ya cire abin da bai mutu ba.

A shekara ta biyar mijina ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kaduna. Ba zan buɗe wannan ba a nan, nasa rubutun daban ne. Babbar 'yarmu tana shekara huɗu, ƙaramar tana goye. Bayan an share makoki yayana ya zo daga gida ya ce in haɗa kaya. Ya ce ba zai bar ni a hannun mutanen da ba sa ko kallon fuskata ba, akwai makaranta a garinmu, akwai ɗaki. Na yarda. Gidan na Baba ne, shi ya gina, kuma tun da aka yi rasuwar bai ce mini zauna ba, bai ce tafi ba. Na fara naɗe labule.

Ranar Laraba ce, da hantsi, ba ranar zuwansa ba. Ya jingine keke, ya gaisa da yayana, ya wuce wajen tagar falo. Babu abin da ya same ta. Ya ɗaga gilashin sama, ya zaro ƙasansa, ya sauke shi ya jingine da bango. Wurin ya zama rami, iska da ƙarar acaɓa suka shigo. Ya tsuguna yana goge 'yan tayoyin da ba su da datti. Idonsa ya faɗa, ɗansa na fari ne fa ya binne.

"Ke," ya ce, "da wurin nan aka auna ki. Ni na auna. In an kai ki wani gini, sai an rage ki kafin ki shiga." Ya hura layin da bakinsa. "In kuma kin tafi, kin ga abin da ya rage. Ba mai hana ki, amma ni dai ban ga abin da zan toshe nan da shi ba."

Ya mayar da gilashin, ya tura shi sau biyu, ya ɗauki jakarsa ya fita. Yayana ya bi shi da kallo har ya hau keke, sannan ya juyo gare ni. "Ke, mayar da labulen nan. Tsohon nan roƙonki ya zo yi."

Na zauna. Amma taurin kaina bai bar ni na karɓi abin yadda yake ba. Na ce don jikokinsa ya yi, ba ya so a kai su nesa. Haka na riƙa yi shekara da shekaru: in ya yi wa taga faɗa, na san da ni yake, in ya yaba mata, sai in ce da gilashi yake. Ya sha cewa, "Kin rame, ki riƙa hutawa." Ya sha cewa, "Yaran nan sun yi kyau a hannunki." Wace taga ce take da hannu? Ina ji, ina wanke-wankena, ban taɓa amsawa ba.

Bai fasa zuwa ba. In ya zo yakan taho da rake ko gyaɗa a jakar kayan aiki, ya ajiye a dakalin taga, bai ce na wane ne ba. Lokacin da aka mayar da ni wata makaranta can wajen Hanwa, shi ya riƙa ɗauko ƙaramar daga makarantar rainon yara a kan sirdin kekensa, tsawon zango guda, daga Sabon Gari yake tahowa don wannan kawai.

Ciwo ya fara masa da kumburin ƙafa, sannan numfashi. Wata huɗu bai hau keke ba. Da asibiti suka sallame shi, Goggo ta ce a kai shi ƙauye, ni kuma na ce ba inda za shi sai Samaru. Muka yi ta, na fi ta baki. Aka sa masa gado a falo, don ya fi ko'ina iska.

Sai ga shi tagar da ake taƙama da ita ta ƙi buɗuwa. An yi ruwan farko, shinge ya tashi, ni kuma hidimar asibiti ta ɗauke mini hankali. Ran nan da rana tsaka, zafi kamar a tukunya, ba wuta balle fanka. Baba yana jingine da filo uku yana jan numfashi da kyar, idonsa a kan gilashin. Na kama shi na tura, ya matsa kamar faɗin tafin hannu ya cije. Na ji hannuna yana son yin kokawa. Na sake shi, na je na ɗauko jakar buhun nan daga ƙarƙashin gadonsa.

Ya ga abin da na ɗauko. Muryarsa ta dawo ƙarama, sai na matso nake ji.

"Ke taga, ki ce a ɗaga ki sama tukuna. A zaro ƙasa. Kada a yi gaggawa."

Na ɗaga. Gilashi ya fi yadda nake zato nauyi, na rungume shi na jingine da bango. Layin cike yake da fuka-fukai da yashi. Na share da buroshi, na goge da tsumma, na zura tsinken tsintsiya a 'yar hudar ruwa. Na duba tayoyin kamar yadda na sha leƙowa ina gani, ɗaya ta cinye ta gefe, ta daina juyawa.

"Ki ce a duba gwangwani. Mai farin baki, ba baƙin ba."

Na kwance sukurun, ya faɗi ƙasa, na yi rarrafe na nemo shi. Na sa sabuwar taya a juye, ya yi tari, na gane, na gyara. Na goga kyandir a layin, sau biyu kawai, don na san ba ya son a cika. Na mayar da gilashin, sama tukuna sannan ƙasa, na ji ya zauna. Na sa yatsa ɗaya a tsakiya. Ta tafi har ƙarshe ba ƙara, iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shigo ta ɗaga labule.

Ya lumshe ido ya daɗe yana shaƙa. Ina tattara kayan aiki na ji ya ce, "Kin yi haƙuri. Rana ya dake ki, ruwa ya dake ki, ba ki bar layinki ba. Ke kika riƙe gidan nan. Ubangiji ya yi maki albarka."

A nan ne abin ya faɗo mini. Rana ya dake ki. Ko rana namiji ce a bakinsa, amma ki ɗin nan bai taɓa kuskure ta ba. Na durƙusa a gaban gadon, sukudireba a hannuna, na yi abin da surukar kirki ba ta yi, na tambaye shi kai tsaye.

"Baba, da taga kuke, ko da ni?"

Ya buɗe ido. Karo na farko a shekara tara ya dube ni sosai, har na ga ashe ƙwayar idonsa irin ta mijina ce. Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya.

"Ɗiyana," ya ce, "a makarantan naku an ce taga na da kunne?"

Ɗiyana, haka ya faɗa, da Zazzagancinsa. Ni da nake jan layi a ƙarƙashin irin wannan, ban gyara masa ba. Na kifa kaina a bakin katifa na yi kukan da ban yi a gabansa ba ko ranar da aka kawo gawar ɗansa. Ya ɗora hannu a kan ɗankwalina, ya bar shi a nan. Kwana shida ya ƙara, kuma bai sake yi mini magana kai tsaye ba. Sau ɗayan ya ishe ni.

Na gode wa Allah da ya ba ni waɗannan kwanakin, don saura kaɗan in binne shi ban sani ba. Na gode wa Baba da bai yi fushi da murfin tukunya ba, da ya nemo hanyar da zai yi mini magana ba tare da ya karya tarbiyyar da aka yi masa ba, ya kuma yi ta bin hanyar nan shekara tara ba a amsa masa. Ubangiji ya ba shi hutu a wurin da ba zafi ba ƙuncin numfashi, ya haɗa shi da ɗansa, ya kuma sada mu a ƙafafun Yesu.

Jakar buhun tana wurina. Mai gilashi ya ce in bar ta, ba mai riƙe ta kamar 'yar gida. Asabar ta farkon watan da ya biyo baya na sauke gilashin falo, ƙaramar 'yata tana tsaye tana kallo. Na share layin, na goge. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kun ga an share. Ba a sa mai ba. Ku huta, mun gode."

Yarinyar ta leƙa fuskata, ta leƙa tagar. "Mama, taga ɗaya ce fa. Me ya sa kike ce mata ku?"

Na ce ta miƙo mini kyandir.